Yatsan Baba da Benci Mai Naɗewa

Ni kafinta ne, amma idan ka shigo layinmu kana nemana, kada ka ɓata bakinka da cewa kafinta. Ka ce Injiniya. Ni na raɗa wa kaina sunan, na rubuta shi da jan fenti a saman ƙofar shago, na kuma sayi hular kwano rawaya na ɗauki hoto da ita. Mutane suka kama kira. Na dai lura duk mai kiran sai ya ja ƙarshen sunan yana satar kallon na kusa da shi, amma na ɗauka girmamawa ce.

Mu kafintocin gari muna da zaure a intanet. Nan kowa ke sa hoton aikinsa, ko ya yi tambaya, ko ya faɗi inda katako ya yi sauƙi. A ƙarƙashin kowane rubutu akwai yatsu biyu, na hagu yana kallon sama, na dama yana kallon ƙasa. In ka danna na sama, sunanka zai fito kowa ya gani. Na ƙasa kuwa ba ya tona asirin mai dannawa. Ni ne admin, wato makullin zauren a hannuna yake, don ranar da aka buɗe shi na fi kowa babbar waya da babban baki.

Akwai abin da ya daɗe yana ƙona mini rai a zauren nan. Duk abin da na sa, kafin in mayar da waya aljihu, yatsa ɗaya ya riga ya kalli ƙasa. Na sa gado, ƙasa. Na sa teburin da na yi wa ƙafa uku don rage ɓarnar katako, ƙasa. Har barka da asuba na taɓa yi wa jama'a, aka danna mini ƙasa. Kuma da zarar na farkon ya faɗo, sai sauran su biyo shi kamar kaji sun ga an watsa tsaba. Ban yi shakkar mai wannan aiki ba. Dogo ne, kafintan bakin titi, wanda tun muna yara yake jin haushin basirata.

Da a ce Dogo kaɗai ne damuwata, da da sauƙi. Babbar damuwata Baba ne, maigidana, wanda ya koya mini riƙon zarto. Shekarun da na yi a ƙarƙashinsa, ban taɓa jin ya ce aikina ya yi ba. Iyakarsa ya shafa katako da tafin hannu, ya ce, "To." Yanzu ya tsufa, ido ya yi rauni, 'yarsa ce ta sa shi a zauren don ya riƙa rage kewa. Ba ya rubutu, hotuna yake kallo, wayar na kusan taɓa hancinsa. Duk kafintan garin nan in bai koya a wurinsa ba, to ya koya a wurin wanda ya koya a wurinsa. Ni kuwa ba zan ɓoye ba, abin da nake nema a duniya bai wuce in ga sunan Baba a ƙarƙashin aikina ba, ko da sau ɗaya ne.

Ana nan sai basira ta sauko mini. Benci mai naɗewa! Dogon benci ne, amma an raba shi biyu, an haɗa tsakiyar da hinji irin na ƙofa, yadda in an gama zama sai a rufe shi kamar littafi a jingine a bango. Hinjin a sama na ɗora shi, inda ake zama, don ƙyallinsa ya fito. A tsakiya na sa ƙafa ɗaya, ita ma mai lanƙwashewa. Ban sa mata sakata ba, don a lissafina nauyin mai zama ne zai riƙe ta.

Na ɗauki hoto na sa a zaure, na rubuta a ƙasa cewa duniyar kafinta ta canza daga yau. Ban gama karanta rubutuna a karo na biyu ba, yatsan nan ya faɗo. Sauran suka biyo kamar ruwan sama.

Na fita a fusace na faɗa shagon Tela, maƙwabcina.

"Ka san abin da ke kashe basira a ƙasar nan?" na ce masa.

"Rashinta," ya ce, bai ko ɗago daga kan keke ba.

"Yatsa ƙasa! Mutum ya zauna a ɓoye, ba suna, ba hujja, ya rusa maka aikin da ka zubar wa gumi. In yana da magana ya fito ya faɗa mana!"

"To in ya fito ya faɗa, za ka ji?"

"Zan ji, in tana da ma'ana."

"Wa zai auna ma'anar?"

"Ni mana. Ba ni ne admin ba?"

Tela ya cire zaren da ke bakinsa ya ce Allah ya ba da sa'a, in matsa masa daga haske.

A nan tsaye na shiga saitin zauren, na kashe yatsa ƙasa. Da na koma na duba, yatsan da ya rage ya matsa dama ya zauna a gurbin ɗan'uwansa, shi kaɗai, fes da shi. Na ce ai gara ma, ya samu fili. Na rubuta sanarwa cewa daga yau zaurenmu na ƙauna ne da ƙarfafa gwiwa, mai ƙorafi ya haɗiye abinsa. Sannan na sake sa hoton bencin.

Wayar ta yi ƙara. Na duba, na goge ido, na sake dubawa. Sunan Baba ne, shi ne na farko, yatsa na kallon sama.

Ban san lokacin da na bar shago a buɗe ba. Na isa gida ina haki, na tarar da matata tana shanya, na kai mata wayar har fuska.

"Karanta! Karanta da ƙarfi maƙwabta su ji!"

Ta karanta, ta dube ni, ta sake duban wayar. "Baba dai da na sani? Ko wayar ce ta faɗa hannun jikokinsa?"

"Hassada har a cikin gidana! Mutumin nan ya daɗe yana son ya yaba mini, kunyar masu danna ƙasa ce ta hana shi."

"To madalla. Amma bencin nan kada ya kwana a gidan nan, Baban yara. Ina da ƙananan 'ya'ya."

Kafin la'asar zaure ya kama da wuta. Duk waɗanda suka danna ƙasa da safe, da suka ga sunan Baba, sai suka bi layi suna danna sama. Wani ya rubuta cewa shi dama tun farko ya ga akwai sirri a aikin. Wani ya ce sai mai zurfin ido zai gane. Dogo da kansa ya danna, har ya kira ni yana tambayar tsawon ƙafar tsakiya, wai wani mai gidan abinci yana son irinsa. Na ba shi awon, na ƙara masa da nasihar cewa hassada ba ta kai mutum ko'ina.

Daga nan na buɗe wuta. Na dawo da teburin ƙafa uku, Baba ya danna sama. Na sa kabad mai buɗewa ta baya, Baba ya danna sama. Na yi barka da asuba, Baba ya danna sama. Na so in je in durƙusa in yi masa godiya, amma na ce a'a, ba zan je da hannu biyu ba, sai na yi aikin da zai cika masa ido a gaban jama'a.

Gaskiya zauren ya ɗan rikice a 'yan kwanakin. Wani ya ba da shawarar a riƙa jiƙa katako da baƙin mai don maganin gara, shawarar ta hau can sama, don masu dariya ba su da abin dannawa sai ɗaya. Wani ya sa tallar tsohon babur ɗinsa. Waɗanda a da suke danna ƙasa su wuce abinsu, yanzu sai su zauna su rubuta, kuma kafinta in ya fara rubutu da haushi, sai ya kai ga kakan mutum. Wasu biyu ma har shagona suka biyo ni, kowa da gudumarsa a hannu, wai sun zo in raba su. Na ce musu zafin canji ne, zai wuce.

Na kira Tela da Mai Walda na layinmu su zo gwaji. Tela ya zauna a gefe ɗaya a ɗosane, kamar mai jiran a kira shi a kotu. Da ya miƙe, bencin ya yi wani ɗan motsi, hinjin ya cafke bayan wandonsa. Muka ji ƙyat.

"Injiniya," ya ce yana dafe da baya, "bencinka yana cizo."

"Zamanka ne ba daidai ba. Kuma ai kai tela ne, me ka rasa?"

Mai Walda ya tsuguna ya leƙa ƙasa, ya taɓa ƙafar tsakiya da yatsa, ta yi lilo. "Malam, ka bari in yi maka 'yar sakata a nan. Kuma wannan hinjin ba a ƙasa ya kamata ya zauna ba?"

Na zaro waya, na buɗe, na miƙa masa. "Ka fi Baba sani ne?"

Ya karanta sunan, ya sosa ƙeya, ya ce shi dai ƙarfe ya sani. Daga ranar, duk wanda ya buɗe baki a kan bencin nan, wayar nake nuna masa. Ban taɓa samun makami mai kaifinta ba.

Labari ya kai kunnen shugabar makarantar da ke bayan layinmu. Suna da taron raba kyaututtuka ga ɗalibai, ɗakin taronsu kuma ƙarami ne, ba wurin ajiye kujeru. Ta zo da kanta ta ga bencin a jingine a bango, siriri, bai tare hanya ba.

"Yana da ƙarfi dai ko?" ta ce.

"Malama, babban kafintan garin nan ya sa masa hannu." Na nuna mata wayar.

Ta ce in cika mata ɗakin. Na yi kwana da kwanaki ina yanka ina bugawa, na cika shi tun daga gaba har baya. Na aika Tela ya gayyato mini Baba, na ce a gaya masa akwai abin mamaki.

Ranar taro na sa hular kwanona. Ɗaki ya cika maƙil da iyaye, kowa ya ci ado. Benci kuwa shiru, ko motsi babu, don kowanne cike yake daga wannan baki zuwa wancan, nauyi ya danne ko'ina daidai. Na hango matata can baya, tsaye, ta jingina da bango. Na yi mata alama ga wuri, ta yi mini alama ta gode. Tela ma a tsaye yake, wai ƙafarsa ce ta yi tsami.

Can sai ga Baba ya shigo a hankali, da 'yar kujerarsa ta katako a hammata. Na ruga na tare shi.

"Baba, ga wuri na tanadar maka a gaba."

Ya dubi bencin, ya dube ni, ya ajiye kujerarsa a gefen bango, nesa, ya zauna. Na ce a raina, ka ga manya, ba sa son a ce sun zo karɓar yabo.

Kafin a fara na roƙi shugaba ta ba ni abin magana na minti ɗaya. Na yi bayanin tarihin benci tun daga farkon duniya. Na yi bayanin yadda maƙiya suka so binne basira da yatsa ƙasa, da yadda na tumɓuke yatsan, gaskiya ta yi halinta. Na nuna Baba na ce ga shaidata nan a zaune. Jama'a suka juya suka dube shi, shi kuwa yana ta ƙoƙarin gano wa ake nunawa. Don in nuna ban tsoron aikina, na je bencin gaba na raba tsakanin shugaban iyayen yara, wani Alhaji mai jiki, da Dogo, na zauna daidai kan hinjin, abin maganar na hannuna.

Aka kira yarinyar da ta zo ta ɗaya. Ashe danginta ne a bakin bencinmu na dama, suka miƙe gaba ɗaya suna tafi. Na bakin hagu suka ga ba za a bar su a baya ba, su ma suka miƙe. Shugaban iyaye ya ja ƙafa baya zai tashi, dugadugansa suka daki ƙafar tsakiya.

Abin da na sani shi ne ƙasa ta taso ta same ni. Bakin benci na dama da na hagu suka tashi sama suka nufo juna. Shugaban iyaye ya gangaro ta nan, Dogo ya gangaro ta can, suka haɗu a kaina, benci ya rufe da mu. Gwiwoyina suka zo gaisawa da haɓata. Hular kwano ta sauko ta rufe mini ido.

Na bayanmu suka firgita suka zabura, na gefe-gefe suka riga na tsakiya tashi, nasu ma ya rufe. Na bayansu ma haka. Ɓam! Ɓam! Ɓam! Tun daga gaba har baya, kamar bencunan ne suka karɓi tafin. Ɗaki ya cika da salati da takalma a sama. Ɗalibai kuwa suka ɗauka cikin shirin ne, suka dage da tafi da ihu.

Ni kuma na manta abin maganar na hannuna, a bakina ma yake. Duk abin da na faɗa lasifika ta kai shi har titi.

"Wayyo bayana! Alhaji ɗaga mini, wallahi ba na numfashi! Dogo cire gwiwarka daga cikina! Jama'a kada kowa ya motsa, zaman ne ba daidai ba!"

Allah ya taƙaita, ba wanda ya karye, sai ɗankwali da huluna da mutunci da suka zube. Aka zazzage mutane ɗaya bayan ɗaya. Aka jawo shugaban iyaye, aka jawo Dogo. Ni kuwa hinji ya kama rigata da wandona tare, ya ƙi saki. Shugabar makaranta ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Kai ka ce mini babban kafinta ya sa hannu!"

"Ya sa, Malama! Ga shi can! Baba, gaya musu!"

Baba ya taso a hankali ya iso. Ya leƙo ni ta tsakanin katakan.

"In gaya musu me?"

"Cewa ka yaba! Ka danna mini!"

"Na danna mana. Tun ranar da ka sa wannan tarkon na danna. Ka cire ka sake sawa, na sake dannawa. Na ce yaron nan kunnensa ya toshe ne?"

Baba ya laluba aljihu ya fito da wayarsa, ya kai ta hanci, ya nemo hoton bencin. Ya ɗaga babban yatsansa mai kaushi, wanda guduma ta daɗe da baje wa farce, ya dangwala shi a kusurwar dama.

"Ga shi. Nan 'yata ta nuna mini. Ta ce in abu bai yi ba, in danna dama. Kullum nan nake dannawa."

Dogo ya karɓi wayar ya duba, ya dafe kai. "Baba, ai na ƙasan babu shi. Injiniya ya cire. Wannan da kake dannawa sama yake kallo, har da sunanka."

"Sunana?" Baba ya ce. "A ƙarƙashin wannan?"

"Da teburin ƙafa uku. Da kabad mai buɗewa ta baya."

Ban taɓa ganin tsoho ya yi salati mai tsawon wannan ba. Ana cikin haka wayar Dogo ta yi ƙara. Ya duba ya ga mai gidan abinci ne, ya dube ni da wani irin kallo, ya fita da gudu yana cewa yana zuwa, kada a taɓa komai. Tela kuwa dariya ta ci ƙarfinsa, ya nemi wurin zama, ya tuna, ya fasa.

Baba ya ce a ba shi sukudireba. Ya tsuguna da ƙyar, yana laluben kan kusoshin da yatsa tunda ido ba ya gani, ya fara kwance hinjin. Fuskarsa na kusa da tawa. Na kashe abin maganar, wannan karon na tuna.

"Baba," na ce a hankali, "ashe duk kai ne? Na farkon nan, kullum?"

"Da wa kake zato?"

"Har barka da asuba?"

Ya zare ƙusa ɗaya. "Wannan hannu ne ya saba."

Kunya ta kama ni, da haushi, da wani abu da ya fi su ciwo. "To su Dogo fa? Su ma suna sa shirme, ban taɓa ganin an riga kowa danna musu ba."

"Ina ruwana da nasu? Ni na koya musu?" Ya ci gaba da murɗawa. "Ina ganin rawayar hular nan a hoton da ke jikin sunanka nake tsayawa in duba aikin tun daga sama har ƙasa. Sauran wucewa nake yi."

Hinji ya saki, na faɗo ƙasa a zaune. Rabin wandona ya zauna a benci. Matata ta ratso jama'a, ta miƙo mini mayafinta na ɗaura, na bi ta tsakiyar iyayen yara da hular kwano a hannu.

Tun a hanya na mayar da yatsa ƙasa wurinsa, na dama, inda yake. Ban rubuta sanarwa ba. Kwanakin da suka biyo baya kuwa a ɗakin taron nan na yi su, ina juya hinji zuwa ƙasa, Mai Walda yana sa sakata, Baba yana zaune a kujerarsa yana cewa, "Sake."

Da na gama na ƙarshe, na kai shi shago, na goge shi, na ɗauki hoto na sa a zaure. Ban ce duniya ta canza ba, na rubuta "benci" kawai. Na zauna na zuba wa wayar ido, matata na tsaye da kwanon abincin da ta kawo mini.

Ba a jima ba ta yi ƙara. Yatsa ɗaya, yana kallon ƙasa.

Na tashi na zagaya bencin, na tsuguna, na bi shi da tafin hannu. Can a ƙafar hagu, ta ciki, kan wata ƙusa ya ɗan leƙo.

"An danna maka ƙasa kana murmushi?" matata ta ce. "Lafiya?"

"Baba ya gani," na ce. "Miƙo mini gudumar nan."